Malam Isiyaku da Rajistar Yaran Poland

Ina kasuwar Chow Kit ina sayen kifi matar Malam ta kira ni. Ta ce, "Zainabu, Malaminku ya cika ɗazu a asibiti." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na bar kifin a kan tebur, mai kifin yana ta kirana, ban waiwayo ba.

Malam Isiyaku malamin tarihi ne a wata jami'a a nan Kuala Lumpur, kuma shi yake duba digirina na uku. Kafin ya zama dakta, ya daɗe yana koyarwa a firamaren wani ƙauye a Kano. Wannan ne ya sa ranar da ya ci karo da hoton wata tsohuwar rajista a rumbun adana takardu na intanet, ya kasa rufe shafin. Rajistar aji ce daga Poland, ta yaran Yahudawa da 'yan Nazi suka killace a unguwa guda lokacin yaƙin duniya na biyu. Shafukan farko cike suke da alamar halarta. Zuwa ƙarshe sunaye ne kawai, gabansu fayau.

Ya ce da ni, "Na kira suna a aji shekara da shekaru. In yaro bai amsa ba, bayan an tashi sai na je gidansu. Waɗannan babu wanda ya je."

Shi ne ya je. Ya koyi karanta Jamusanci yana da furfura. Ya riƙa bin sunayen ɗaya bayan ɗaya cikin katunan rabon abinci da jerin waɗanda aka loda a jirgin ƙasa, yana aika wasiƙu Turai, wasu a amsa, wasu shiru.

Ba kowa ya so aikin ba. Wata rana muna shan shayi a kedai mamak, wani irin shagon abinci a unguwar Cheras, wani ɗan'uwanmu ya ce masa, "Haba Malam, ga halin da yaran Falasɗinu ke ciki, kai kuma kana bin na Yahudawa?" Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji, na Falasɗinu kullum suna cikin addu'ata. Waɗannan kuwa 'yan aji uku ne. Me suka yi wa wani?"

Ni ma na sha gyara. Akwai wata yarinya, Miriam, da na ga sunanta a jerin jirgin da ya tafi sansanin kisa, sai na rubuta ta rasu. Malam ya tura mini takardar ya ce, "Kin ga an sa ta a jirgi. Kin ga an sauke ta? Kada ki kashe musu 'ya da biro." Na goge ina jin haushi.

Bayan watanni ya samo katin wani asibiti na bayan yaƙi, sunanta da ɗan bambancin harafi, ranar haihuwa ɗaya. Ta tsira. Ya bi har ya samu jikanta, ya aika masa shafin rajistar. Jikan ya amsa cewa kakarsu ta rasu da tsufa, kuma ba su taɓa sanin ta yi makaranta a wurin ba. Ranar Malam ya shigo ofis yana dariya yana hawaye, yana cewa, "Maryamu ta amsa!"

Yawancin yaran dai kashe su aka yi, kuma ya rubuta inda aka yi da hujjarsa. Waɗanda bai gano ba ya bar gabansu a buɗe. Bayan rasuwarsa matarsa ta kawo mini takardun binciken har ɗakina a Wangsa Maju, ta ce shi ya bar wasiyyar haka. Na karɓa, kuma ina alfahari da cewa a hannunsa na koya.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe masa kurakuransa. Allah Ya ba matarsa Hajiya Binta da 'ya'yansu juriyar wannan rashi a ƙasar da ba tasu ba, Ya zama gatansu. Amin.