Baba Kambai Mai Fassara Maganar Dabbobi

Baba Kambai ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin reluwe a Kafanchan, yana bin layin dogo da guduma a kafaɗa. Da ya yi ritaya sai ya koma noman citta a Fadan Kagoma, ya kuma ɗora wa kansa wani aiki: fassara wa yaran unguwa katun, wato wasan zanen dabbobi na talabijin. Duk Lahadi bayan an taso daga coci sai su cika masa falo. Dabbobin talabijin suna sanye da riga da wando, suna zuba Turanci ta hanci, shi kuwa Baba ba ya kama ko rabinsa. Sai ya riƙa shirya nasa. A bakinsa kowane zomo cewa yake a gai da manya, giwa kuma ta ce a wanke hannu kafin a ci tuwo.

Matarsa, Mama Hulda, takan leƙo daga kicin ta ce, "Baban Gershon, ka ji tsoron Allah. Ina giwa ta san tuwo?"

Da damina ɗansu Gershon ya kawo musu 'yarsa Lucia, mai shekara shida. Motar da ta ɗauko ta da uwarta daga Kaduna ce ta kife kusa da Kasuwan Magani. Uwar tana asibiti da karaya. Lucia ko ƙwarzane ba ta yi ba, amma tun ranar ba ta sake magana ba. Likita ya ce maƙogwaronta lafiya lau, fasto ya zo ya yi addu'a. Aka yi sati biyar shiru. Baba ya rame, gonar ma ya daina leƙawa.

Wata Lahadi aka nuno wata bushiya mai jar hula, ta toge a bakin gada ta ƙi hayewa. Baba ya ce, "Kun ji ta? Wai ba za ta makaranta ba. Malalaciya!"

Daga bayan kujera wata 'yar murya ta ce, "Ba haka ta ce ba, Kaka."

Bai waiwaya ba, don kada ya firgita ta. Ya ce, "To me ta ce, uwata?"

"Ta ce tana jin tsoro. Kunkuru ya ce ba komai, zai riƙe mata hannu." Sannan ta ƙara da cewa, "Ni ma ina tsoron mota."

Sai Lucia ta fashe da kuka. Baba ya ɗauke ta ya ɗora a cinya. Mama Hulda ta zauna daɓas a bakin ƙofa da ludayi a hannu, tana ta maimaita, "Yesu, na gode."

Washegari Baba ya fara fita da Lucia bakin titi da safe, su tsaya nesa suna kallon motoci. Kullum sai su ɗan ƙara matsawa. Ranar da aka sallami uwar, Lucia da ƙafarta ta shiga bas, ta zauna gefen taga, tana yi wa kakanta surutu har ƙofar asibiti.