Ƙofar da Na Kulle Kaina a Ciki

Har yau ban manta da ranar da Usɗa Hamdi ya fara ba ni aiki ni kaɗai ba. Usɗa shi ne babban ma'aikaci a wurin gyaran jiragen ruwa da ke bakin kogin Nilu, can gefen unguwar Ma'adi. Ni kuwa karatu ya kawo ni Alƙahira, amma kafinta ne ni tun daga Zariya, kuma ina ji da kaina. Wata uku na yi a hannunsa ana gwada ni. Ranar ce zai yanke ko in zauna ko in koma ɗakina a unguwar Hada'iƙ in nemi wata sana'a, ga matata da juna biyu.

Jirgin tsoho ne, irin wanda iska ke turawa da babban ƙyalle, yana da ɗan ɗaki a baya. Hinjis ɗin ƙofar ɗakin, wato ƙarafan da take juyawa a kansu, sun cinye, sakata tana lilo, ramukan sukurori duk sun buɗe. Na cire komai, na toshe ramukan da sabon katako, na ɗaura hinjis na tagulla, domin baƙin ƙarfe tsatsa yake yi a kan ruwa. Sai na lura akwai tazara tsakanin ƙofa da bangonta, har yatsa yana shiga. Na ce a raina wanda ya yi wannan bai san aiki ba. Na lika siririn katako na cike ta, ƙofa ta rufu ruf, ko iska ba ta wucewa.

Usɗa ya zo ya buɗe, ya rufe. A wurinsu, wanda ya yi gyara shi ke bin jirgi a fitar gwaji. Da muka tashi sai ya ce, "Yalla, maza ya Sani, shiga ka rufe, ka ji daɗin aikinka."

Na shiga ina murmushi. Muna kaiwa tsakiyar kogi iska ta cika ƙyalle, jirgi ya karkata, katako ya yi ƙara. Na tura ƙofa, ta ƙi. Na sa kafaɗa, ko gezau.

"Ya Usɗa, ta cije!"

"Ma'alish, yi haƙuri, muna shan shayi. Ai ƙofar gida ka yi mana, ka zauna a gidanka."

Ina jin dariyar Rayyis, wato mai tuƙin jirgin. Gumi ya jiƙa ni, kunya ta fi zafin ɗakin damuna, na sakankance aiki ya tafi. Sai da suka sassauta ƙyalle jirgi ya miƙe, sannan ƙofar ta saki da kanta.

Usɗa ya nuna mini cewa jikin jirgi murɗewa yake yi idan iska ta kama shi, katako kuma yana kumbura da danshi. Tazarar da na raina da gangan aka bar ta. Na ɓamɓare katakon da hannuna, kaina a ƙasa.

"Hinjis ɗinka tamam ne, sun yi daidai," in ji shi. "Gobe ka zo da wuri, akwai ƙofofi huɗu."

Daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Shekara tara ke nan ina wurin, kuma ina son aikin. Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, in kun tarar da abin da ya yi kama da kuskure a aikin wani, ku tambayi dalili kafin ku gyara. Mutanen kogin nan ba sa yawan bayani, amma ba sa korar wanda ya yarda ya yi kuskure.