Baba Ilu Ya Sake Ganin Wata

Jama'a, albishirinku! Da safen nan ƙanena ya kira ni daga Magama: jiya da magariba Baba Ilu ya ga jinjirin watan Sha'aban. Da idonsa!

Ga wanda bai san shi ba, dattijon nan ne mai goro a tashar boda ta Jibiya. Tun muna yara shi ke fara ganin wata. Har direbobin Maraɗi sai sun tambaye shi labarin wata kafin su tsallaka.

Da na fara tuƙi, sau nawa ya cusa min goro a aljihu, wai kada in yi gyangyaɗi a hanya.

Bara idonsa na hagu ya dushe rana ɗaya, ba ciwo, ba ja. Na kai shi asibitin ido a Katsina. Likita ta ce tsufa ne da hawan jini: ƙananan jijiyoyin da ke kai jini bayan ido sun yi tauri sun tsuke, har ɗaya ta toshe. Na hagun ya tafi. Na daman ma ya fara, in bai riƙe magani ba zai bi sahu.

Baba Ilu da taurin kai! "Ni da ban taɓa kwana asibiti ba, a ce in sha ƙwaya kullum kamar tuwo?"

Ganina da shi na ƙarshe, kafin aiki ya maido ni Kano, mun fito sallar magariba ranar duban wata. Kowa ya ɗaga kai, shi ya sunkuya yana laluben takalmi.

Na ce, "Baba, ba ka dubawa?"

Ya ce, "Ɗana, in na duba ban gani ba, mi za ni ce ma mutane?"

Wallahi ranar na yi kuka a mota.

Ashe bayan tafiyata ya kama magani ka'in da na'in. Ya rage gishiri. Mai goro ya bar cin goro!

Jiya, in ji ƙanena, ya daɗe a tsaye, sannan ya miƙa hannu: "Ga shi can, bisa icen bedi!" Tasha ta kaure da kabbara.

Har saƙo ya aiko min: "Ka taho, na azumi tare za mu duba."

Ina tafe, Baba. Allah Ka tsare masa idon nan guda, Ka nuna masa watan azumi. Don Allah ku taya ni da amin.