Ɗigon Jan Farce a Wayar Yaya

Ƙarfina ya ƙare ne a ɗakin injin jiragen ruwa, daga tashar Duwala zuwa Legas, Abijan, Marsai, har Jidda. Duk jirgin da na shiga, na Girkawa ne ko na Faransawa, dokar ɗaya ce. Maɓallin da zai iya yin ɓarna murfi ake yi masa, a shafa masa jan fenti, kuma ba wanda ya isa ya canja masa wuri. In hayaƙi ya turnuƙe, hannu ne ke nemo shi, ba ido ba. Shi ya sa har yau in na tuna abin da waya ta yi wa yayata, sai abinci ya fita raina.

Yaya ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma duk da furfurata Auta take ce min. A unguwar New Bell ta Duwala aka haife mu, a nan ta yi aure, a nan mijinta ya rasu. Tana jin Fulatanci, tana zagin 'yan bensikin, wato 'yan acaɓa, da Turancin Fijin in sun fantsama mata ruwan kwata da babur, tana ciniki da Faransanci, amma ba ta karatun boko. Irinta suna da yawa a unguwa, sun kuwa samo dabararsu. A nuna wa tsohuwa inda za ta danna, ita kuma ta ɗiga jan farce a kan gilashin wayar, daidai wurin. Shi ke nan ta huta da roƙo.

Ɗigo ɗaya ne a wayar Yaya, can ƙasa ta dama. In ta taɓa hoton mijinta, maɓallai su jeru, sai ta danna ɗigon, muryarsa ta fito. Saƙon da ya bar mata ne daga kasuwa kafin ciwo ya kwantar da shi. Ba wata magana ba ce. Yana cewa ruwa ya tare shi a rumfar masu goro, yana tambaya ko ya sayo ayaba ko akwai saura, yana tsokanarta cewa miyar jiya ta sha gishiri kamar tekun da ƙaninta ke yawo a kai. Akwai tari a ciki, akwai dariya. Kowace safiya da shi take shan kununta. Wani lokaci har ta mayar masa da amsa, ta ce in bai so ya je ya auri 'yar garin Bali ta dafa masa ganye.

Wata safiya da damina na shiga gaishe ta, na tarar da kunun ya huce. Ta miƙo min wayar ta ce maigidan ya ƙi magana. Ina dubawa na gane. Manhajar saƙon ce ta sabunta kanta ba tare da ta tambayi kowa ba, an sake jera maɓallan. Maɓallin sauraro ya koma tsakiya. A ƙarƙashin jan farcen Yaya kuwa, wani ɗan kwandon shara ne, toka-toka, bai kai ƙwayar wake ba. Ga shi yatsanta ya bushe da wanki da shekaru, wayar ba ta cika jin taɓin farko ba, don haka ta saba dannawa sau biyu. Dannawar farko ta zaɓi gogewa. Tambayar ko ta tabbata ta fito a daidai wurin, dannawa ta biyu ta amsa mata.

Ban gaya mata ba. Na hau tasi zuwa unguwar Akwa, wurin wani mai gyaran waya da na daɗe da sani, mutumin kirki, mai iyali. Ya jona ta da kwamfuta, ya yi ta tono, ya tambaya ko an taɓa ajiye kwafi a wani wuri. Wa zai ajiye? A ƙarshe ya cire tabarau, ya kira ni Tonton, wato kawu.

"Tonton, ai an tambaye ta, ita ta ce eh."

"Da wane yare aka tambaye ta?"

Ya turo min wayar. Ba laifinsa ba ne, amma shi ne a gabana, shi ya sha. Na ce masa a Jidda na ga lif na hawa bene mai maɓallan da makaho ke karantawa da yatsa. Na ce ko mai shago a kasuwar Nkululun ba ya ajiye maganin ɓera a inda jiya ya ajiye sukari. Amma wasu da ba su taɓa jin sunan New Bell ba sun zauna cikin sanyin ofis, sun ga kwandon shara ya fi kyau a kusurwar dama, suka matsar da shi kamar tukunyar fure. Ba murfi, ba ja, ba ko tazara. Da a jirgi ne, a tasha ta gaba za a sauke mutum da jakarsa.

Na dawo cikin ruwa, kwatoci sun cika, na tuɓe takalma na ratsa lungu. Yaya na zaune inda na bar ta. Fuskata ta duba, ba wayar ba. Ba ta yi kuka ba, ta dai yi salati a hankali. Ta ɗauko wuƙar yankan albasa, ta kankare ɗigon nan tas, ta kife wayar a kan tabarma.

Can ta ce, "Auta, kai ma ka sha jinsa. Sallama ya fara yi, ko tarin ne ya fara zuwa?"

Na buɗe baki da niyyar amsawa. Na iya zagi da harsuna da dama, duk kuwa na yi su a hanya. Wannan kam ban sani ba, kuma babu sauran inda za a duba.