Ruwan Alwalar Baba

Da muka tare a Kinkinau, bayan gidanmu fadama ce. Tsuntsaye ba su da wata harka da mu, can suke ci, can suke sha. A hankali aka cike fadamar da ƙasa, aka yanka filaye, gidaje suka tashi har babu masaka tsinke.

Wasu tsuntsayen suka yi gaba. Kurciyoyi da baiwar Allah, 'yan jajayen nan, suka zauna. Da bazara sai ka gan su a kan katanga, baki buɗe, fukafukai a sake, maƙogwaro na rawa, suna fitar da zafi. Ba su ƙara yawo da tsakar rana ba.

Mahaifinmu ya yi ritaya daga aikin gwamnati a shekarun nan. A gindin dalbejiyar tsakar gida yake alwala, inda ƙasa ta ɗan lotsa, ruwa yana kwanciya. Ban san wanda ya fara ganewa a cikin tsuntsayen ba. Na dai lura cewa da ladan ya kira azahar sai su jeru a reshe, tun kafin Baba ya ɗauko buta. Mahaifiyarmu takan ce sun fi 'ya'yan gidan kiyaye lokacin salla, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Da ciwon ƙafa ya kama shi, yayanmu ya gina masa banɗaki a cikin ɗaki, da famfo da tayil. Baba ya yi godiya, ya ci gaba da jan ƙafa zuwa gindin bishiya. Muka ce taurin kan tsufa ne. Ni ma na faɗa, har da tsaki.

Daga baya jikin ya ƙi gaba ɗaya. Likita ya hana ruwa taɓa ƙafar, tashi ma ya gagara, malamin unguwa ya ce ya riƙa taimama. Ranar farko na kawo masa dutse. Ladan ya kira, kurciyoyi suka sauka, suna zagaya busasshiyar ƙasa. Yana kallonsu ta taga. Tausayinsa ya kama ni.

Ya shafa dutsen, ya shafi fuska da hannuwa. Sannan ya nuna butarsa da ke bayan ƙofa.

"Cika ta, ki je ki zuba musu," ya ce. "Ni aka yi wa rangwame, ba su ba."