Noelene Mai Leƙen Shinge

Duk watan Janairu, da hantsi, za ka ga Noelene Triffett tana bin layukan ƙauyenmu na Tasmaniya da 'yar hauyarta, tana leƙa shingen mutane. A nan kusan kowane gida yana da hof a bayan ɗaki, tsiron nan mai fure mai ɗaci da ƙamshi da ake zuba wa giyar gida. Kowa kuma ɓoye haɗin giyarsa yake, ko matarsa ba ta sani ba.

Kelvin Bannister, maƙwabcinta, bai taɓa yarda da ita ba. Matar da ko kurɓa ba ta yi, ina ruwanta da hof ɗin wani?

"Ke Noelene, leƙen me kike yi?"

"Namijin hof nake nema. In ɗaya ya tsiro, sai ya yi wa matan barbara, ya ɓata furen layin nan kaf."

"Ka ji ta! Ce dai kina kai wa surukinki rahoto, ya cinye gasar giyar bana."

Shi ya fara baza cewa tana yankar saiwar hof ɗin mutane tana cusawa a jaka. Sunan ɓarauniya ya bi ta har coci. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta fasa fita ba. Kelvin kuwa ya ƙara wa shingensa kwano, ya garƙame ƙofa.

Da Maris ya zo, furen gidansa da na maƙwabta duk ya cika da iri, ƙamshin ya dushe. Ashe namijin yana bayan tankin ruwansa, ya kai rufi. Dole ya buɗe ƙofa, Noelene ce ta wuni a durƙushe tana tone saiwarsa. Kelvin na tsaye a kanta, idonsa a kan jakarta. Har yau bai ce mata sannu ba, kuma da bakinsa sunan nan yake yawo.

Noelene, ke ce mai gadin da ba wanda ya ɗauka aiki. Kin tsare mana ƙamshin abin da ba kya sha, muka biya ki da zargi. Mun gode, kuma mun ji kunya.

Bana gwiwa ta hana ta fita. Hauyar na rataye a ƙofarta, kowa na tsoron ya ɗauka a kira shi ɓarawo. Jama'a, wani ya daure. Kelvin, duk layin nan ba wanda ya kai ka sa ido. Je ka ɗauka.