Ranar da Wayata Ta Cika a Gonar Baba

Gyaɗa ce ta saya min babbar wayata ta farko. Na kai abin da na noma kasuwar Minjibir, washegari na hau mota zuwa Kano. Na gaji da 'yar ƙaramar wayar da nake riƙe da ita, wadda ba ta iya komai sai kira da tocila. Ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, hedimasta kuma ya koma turo sanarwa ta gurup, kullum ni ne na ƙarshen ji. Mai shagon ya miƙo min ita sabuwa fil a kwali, ya ce cikinta yana da faɗi, zan yi shekaru ban cika ta ba.

Da na kunna ta a gida sai na tarar an riga ni shiga. Manhajoji ne reras waɗanda ban saka ba, ban kuma nema ba. Akwai ta kiran tasi har ƙofar gida, mu da ko a rani babur da amalanke kawai ke isowa ƙofarmu. Akwai ta odar abinci daga gidajen cin abincin da ban taɓa jin sunansu ba. Wata aikinta ƙirga takun da na yi a yini, ta taya ni murna idan na yi tafiya, kamar don nishaɗi nake zuwa gona. Ga gem har uku. Na duba wurin ajiya, kusan rabi ya tafi, ban ɗauki ko hoto ɗaya ba.

Na danna kan ta tasin don in goge ta, babu wajen gogewa. Na gwada ta abincin, haka. Iyaka a ce ka dakatar da ita, tana nan zaune. Na ji kamar wanda aka gina wa ɗaki, maginin ya bar akwatunansa a ciki a kulle, ya tafi da makulli.

Haka muka zauna da su. Kafin shekara ta zagayo wayar ta fara ƙorafin wuri ya kusa ƙarewa. Malaman makarantarmu ba sa gajiya da turo bidiyo, 'yan uwa kuma wa'azi da gaisuwar Juma'a. Duk mako sai na zauna na yi ta share abubuwana, manhajojin nan kuwa ko gezau.

A wannan shekarar baffana ya rasu, 'ya'yansa suka yi rikici a kan iyakar gona har gaban dagaci. A wajenmu gona jikin gona take, babu daji a tsakani. Abin da ya raba taka da ta maƙwabci layin gamba ne, ko bishiya, wani lokaci kunya ɗaya tak. Abin ya tsaya wa Baba a rai. Ya tsufa, gwiwa ta dame shi, kuma shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka san yadda aka yanka gonakin gidanmu. Wata rana da bazara, kafin ruwan fari, ya kira ni zaure ya ce jibi in zo da wayar nan tawa, zai zagaya iyaka yana faɗa ina ɗauka. Na yi mamaki, domin Baba mutum ne da ko hoton katin zaɓe sai da aka lallaɓa shi.

Na shirya sosai, a ganina. Na goge bidiyoyin gurup kaf, na kai waya caji wajen mai sola, na sayi data don in tura wa ƙannena da ke Kano idan mun gama.

Da hantsi muka fita, Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, yana dogara sanda. Daga tsamiyar gabas ya fara. Ya faɗi wanda ya shuka ta, ya faɗi ɓangaren da aka gada da wanda kakanmu ya saya, da mutanen da suka shaida cinikin. Ya nuna fegin da aka ara wa wata gwauruwa, ya ce aro ne, amma kada a karɓe tana raye. Muka bi ta kudu, muka wuce surin da ke kusa da burtali, yana tsayawa yana hutawa. Ina biye da shi da waya a ɗage, hannuna har ya yi tsami.

Arewa ita ce mai matsalar. Da akwai ɗorawa a can, an sare ta tun ina yaro, kuma kowace damina kunyar maƙwabcinmu sai ta ɗan matso. A nan Baba ya fi daɗewa. Ya buga sanda a ƙasa, ya ce nan gindinta yake, ya auna taku zuwa yamma, ya kawo sunayen dattawa uku. Yana cikin haka na kalli fuskar wayar. Ɗaukar ta tsaya. Wani ɗan rubutu ne a tsakiya yana sanar da ni babu sauran wuri. Ban san tun yaushe ba.

Abin da na yi daga nan har yau ina jin kunyarsa. Na ɓoye wa Baba. Na ci gaba da ɗaga wayar ina binsa har muka dawo tsamiya, ina fatan ko an yi sa'a ta kama arewar kafin ta tsaya.

Bayan la'asar ya tara mu a zaure, ni da yayana da ƙanenmu, ya ce a kunna. Muka ga tsamiya, muka ga fegin aro, muka ga suri. A kan surin hoton ya ƙare, Baba ya buɗe baki zai yi magana.

"Ina sauran?" in ji shi.

Na yi bayani ina in-ina, na ce wuri ne ya cika. Ya tambayi me ya cika shi, tunda na ce na share. Na duba a gabansu, sai ga abin da ya faru: datar da na saya, manhajojin nan ne suka samu suka sabunta kansu da ita. Suka ƙara ƙiba, suka cinye wurin da na share, suka cinye datar. Na nuna masa su ɗaya bayan ɗaya.

"Waɗannan na waye?"

"Na masu wayar ne, Baba."

"Ba kai ne mai wayar ba?"

Ya ce to ka goge su mana, na ce ba sa goguwa. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce shi ba mawaƙi ba ne da za a ce ya maimaita, ya tashi ya shiga gida. Gwiwarsa ta kumbura, ya yi kwana huɗu yana sallah a zaune. Yayana kuwa duk wanda ya zo dubiya sai ya ba shi labarin yadda na zagaya da tsoho gona a banza.

Ranar Asabar na koma Kano a fusace, na nufi kasuwar waya. Mai gyaran da na samu, wani magidanci mai tabarau, ya saurare ni yana murmushi, da gani ya saba jin irin wannan. Ya ce a saninsa biyan masu ƙera waya ake yi su saka manhajojin, shi ya sa ake kafe su. Zai iya tuge su, amma sai ya taɓa ainihin tsarin wayar, kuma idan ta mutu a hannunsa ba ruwansa. Na ce wato ni na sayi wayar, wani ya yi hayar cikinta, ni kuma in yi ta shara. Ya ce kusan haka ne, Malam. Ya kashe min sabuntawar da suke yi da kansu, ya sayar min da memori, ya mayar da hotunan sunan 'yata da sauran abubuwana kansa. Na fito ina ƙunƙuni, na sayi wuri a wayar da saboda wurinta na saye ta.

Inna ce ta shawo kan Baba, sai da ta yi kusan mako uku tana bi a hankali. Ya yarda, amma da sharaɗi. Mai unguwa zai zo, maƙwabcin zai zo, yayana kuma zai riƙe takarda ya rubuta komai da ajami. Ni in ina so in biyo su da wayata, ba a dogara da ni ba.

A babur aka kai shi arewar. Maƙwabcin ya zo yana cika yana batsewa, ya ce shi bai san da wata ɗorawa a nan ba. Baba bai yi musu ba, ya nuna wuri ya ce a sa fartanya. Ba a yi nisa da tono ba aka ci karo da kututture, kunya uku cikin inda mutumin yake nomawa. Ya yarda da biyu, ya kafe a kan ta ukun, Baba ya ce a bar masa. Mai unguwa ya sa aka kafa turaku, da ruwa ya sauka muka dasa gamba a layin.

Wannan karon wayar ta ɗauka har ƙarshe. Sai dai saboda kowane ɗan lokaci ina juyo da ita in ga ko ta tsaya, rabin bidiyon ƙafafun mutane ne da bakin fartanya. Muryoyin dai sun fita tas.

Da muka dawo Baba ya tambayi a ina maganar tasa take zaune yanzu. Na ce a memori, na nuna masa gefen wayar. Ya miƙo hannu ya ce in cire masa shi, ba zai bar ta a gidan da ban da iko da shi ba. Na so in yi bayani, yayana ya harare ni. Na cire, Baba ya naɗe shi cikin takardar ajamin, ya sa a akwatin littattafansa.

Sai da na isa gida na tuna hotunan sunan suna kai. Maiɗakina ta ce in je in karɓo, na ce ta je da kanta, ai surukinta ne. Har yanzu babu wanda ya je cikinmu.